Bindigogin Toka da Suka Ƙi Tashi a Bakin Kogin Gongola

Mafarin tafiyar

Maharban da wannan nazari ya shafa su 9 ne, daga wani gari na kan tudu a arewacin Jihar Gombe. Dukansu manoma ne, farauta aikin rani ce a wurinsu. Sun saba fita tsakanin Janairu da Maris, bayan an gama kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya share sama. A irin wannan lokaci danshin iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, har leɓe ya tsattsage. Bindigar toka ba ta cika kunyata mai ita ba a wannan yanayi, ko da ya yi sakaci da ita.

Wannan karon a makon farko na Nuwamba suka fita. Manoman wata fadama da ke gaɓar Gongola, tsakanin Nafada da Dadin Kowa, su ne suka aiko ta hannun mai unguwarsu cewa gyauji ya addabi rakensu, dinya kuma na sauka garke-garke cikin shinkafar da ta kusa isa yanka. Gongola ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi ya nufi arewa maso gabas, ya yi kwana a wajajen Nafada ya miƙe kudu, ya shiga tafkin madatsar Dadin Kowa da aka kammala a 1984, sannan ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A farkon Nuwamba ruwansa bai gama janyewa ba. Fadama na nan da laka, raɓa kuwa na sauka har ta ɗiga daga ganye.

Kafin su tashi, Sarkin Bakan garin, wanda shi ne jagoran ayarin, ya kai sunayensu wurin mai gari da ofishin 'yan sanda. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu daban, kuma maganar lasisinsu a hannun 'yan sanda take. Duk wanda ya tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025 ya san ba ƙaramin abu ba ne maharbi ya bar garinsu da bindiga ba tare da shaida a aljihu ba. An kuma yi musu kashedi game da dorina, wadda ita ma ke fitowa daga tafkin ta shiga gonaki: ba tasu ba ce, kuma bindigar toka ba abin da za ta yi mata illa ta harzuƙa ta.

Bindigogin

Bindiga 6 suka tafi da su, sauran mutum 3 masu karnuka ne da tarko. Biyar daga cikin bindigogin maƙeri guda ya ƙera su a garin, cikin shekaru daban-daban. Ta shida ta wani dattijo ce da kowa ke kira Baba, ya gaje ta wurin wansa, kuma aikin wani maƙeri ne na wata ƙasa.

Duka shidan iri ɗaya ne wajen aiki. A auna albarushi a zuba ta baki, a tura tsumma ko audugar rimi a danna da sandar ɗuri, a zuba ƙwayoyin dalma, a sake toshewa. A gindin bututun, ta gefe, akwai wani ɗan tsini mai kafa a tsakiya. A kansa ake kifa 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke tashi in an doke shi. In an ja kunama, guduma ta faɗa wa hular, tartsatsi ya bi ta kafar ya tarar da albarushi. Wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, shi ya fara yi wa dabarar tayar da albarushi da sinadarin da ake dokawa rajista a 1807, kuma shi ma harbin tsuntsayen ruwa ne ya kai shi ga ita, don walƙiyar bindigar ƙyastu kan gargaɗi tsuntsu kafin harsashi ya fita. Kafar da wutar ke bi ba ta wuce kaurin tsinken tsintsiya ba, kuma a yawancin ƙirar gida sai ta yi kwana kafin ta shiga cikin bututun.

Abu guda ya faru a jajibirin tafiya wanda ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Masu bindigogi biyar ɗin nan, don tsoron tsatsa a bakin ruwa, sun samo baƙin man da aka juye daga babur suka shafe su ciki da waje, ba ƙyashi, suka jingine su a bango baki sama har gari ya waye. Baba bai yi haka ba. Ɗan man kaɗanya ya goga a bayan ƙarfen, cikin bututun kuwa ya bar shi a bushe.

Rana ta 1

Da la'asar suka isa. Suka zaɓi wani fili mai rairayi, taku 15 daga bakin ruwa, don kusa yake da shinkafar, ga ruwan sha da na alwala a hannu. Akwai gawo guda a wurin, amma gawo da damina yake zubar da ganye, a lokacin bai gama fitar da sabo ba, saboda haka inuwarsa ba ta rufe komai.

Kamar yadda suka saba, kowa ya yi harbi ɗaya sama, gwaji ne kuma sanarwa ce ga mutanen ƙauyen cewa maharba sun sauka. Duka shidan suka tashi ba gardama. Nan take biyar suka sake ɗura nasu don su kwana a shirye, suka jingine su a jikin gawon. Baba ya ɗora 'yar tukunya a wuta, ya wanke cikin tasa da ruwan zafi, ya goge, ya naɗe ta cikin tsohon bargo ba tare da ya ɗura ba, ya kwanta da ita a gefensa. Ya ce wa na kusa da shi su ma su yi haka. Wani matashi ɗan kimanin shekara 22 ya ce, “Baba, harbi ɗaya tak sai wanka? Ai ko amarya ba a yi mata haka.” Aka yi dariya, Baba ma ya dara, bai sake maganar ba.

Rana ta 2

Da asubar fari kogin ya tashi da farin tururi, mutum ba ya ganin na gabansa taku 20. Tabarmi da takalma duk sun jiƙe. Aka goge bayan bindigogin da hannun riga aka shiga shinkafa.

Da dinya ta sauko, biyu ne suka tashi yadda ya kamata, ta Baba da ta wani guda. Biyu suka yi jinkiri: hula ta yi ƙara, sannan bayan ɗan ƙiftawar ido bindigar ta amsa, alhali tsuntsu ya riga ya bar wurin. Biyun da suka rage kuwa hular kaɗai ta fashe.

Wajen azahar, bayan rana ta gasa su, aka tsokane kafofin wutar da siririyar waya, aka sa sababbin huluna. Duka suka tashi. Wannan ya kwantar wa kowa da hankali, aka ce sanyin safiya ne kawai. Da yamma aka yi harbi sosai, kuma ba wadda ta ƙi. Da dare biyar ɗin suka sake kwana a ɗure a jikin gawo, ba a wanke ba.

Rana ta 3: an kama albarushi da laifi

Da safe abin ya ƙaru. A cikin biyar ɗin ba wadda ta tashi a jan farko. Manoman da suka fito kallo suna tsaye a kan kunya, dinya na cin shinkafarsu, maharba na ta ƙyas-ƙyas. Mai unguwa bai ce komai ba, amma shirun nasa ya fi magana ciwo.

Zargi na farko kan albarushi ya faɗa. Biyar ɗin wuri guda suka saya a kasuwar garinsu, na Baba kuwa ragowar na bara ne. Aka ce mai sayarwa ya yi musu haɗi. Aka juye nasu a faranti aka shanya a rana, nesa da murhu, daga hantsi zuwa azahar. Aka ɗebi ɗan kaɗan aka ɗora a kan dutse aka kai masa garwashi da dogon kara: fuu, ya tashi gaba ɗaya, bai bar komai ba sai ɗan baƙin tabo. Wannan alamar lafiyayyen albarushi ce, amma ba a tsaya a kanta ba. Aka haɗa kuɗi aka tura mutum guda da babur ya sayo sabo a wata kasuwa. Bai dawo ba sai bayan magariba.

A daren suka ƙara wata dabara. Da suka ga raɓa ta fara sauka, sai suka naɗe kowace bindiga da leda suka ɗaure. Ƙarfen ya riga ya yi sanyi ya fara gumi kafin a naɗe shi. Da asuba da aka kwance, cikin ledar ya fi wajenta jiƙewa, har wani jan tsatsa ya fara fitowa a jikin gudumomin.

Rana ta 4: ƙarin ɗuri da abin da ya biyo baya

An ɗura sabon albarushin tun daren jiya. Uku daga cikin maharban, har da matashin nan, sun ƙara ma'auni, wai ko yawansa zai sa wuta ta kama. Matashin ya kusan ninka nasa. Sarkin Baka ya gani, ya ce a yi hattara, bai hana ba.

Da asuba matashin ya auna garken dinya ya ja kunama. Hula ta fashe, bindiga shiru. Ya sauke ta daga kafaɗa, ya karkato ta yana leƙen tsinin, bakin na kallon ƙasa ta gefen hagunsa, inda abokinsa ke tsugune. Waɗanda ke wurin sun ce an yi kamar numfashi uku. Sannan ta tashi.

Da yake ba a kafaɗa take ba, ta fizge daga hannunsa. Gudumar ta yage masa fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, gindin ya buge shi a ƙauri. Ƙwayoyin dalmar suka nutse cikin laka, bai fi kamu ɗaya daga ƙafar abokin ba, laka ta watsu masa har fuska. Itacen bindigar ya tsage daga wuyansa zuwa wajen kunama, gindin bututun kuma ya ɗan kumbura ta yadda yatsa ke jin tudun.

Aka ɗaure hannun da rawani, aka kai shi wani ƙaramin asibiti a babur, aka yi masa ɗinki da allurar rigakafin sandarewar jiki. Ranar ba a sake harbi ba. Masu karnuka ne kawai suka yi aiki a gonar rake.

Daren rana ta 4

Hirar wannan dare ta yi zafi. Ra'ayi uku ne suka fito.

Wasu suka ce wurin yana da masu shi. An sauka a bakin ruwa ba a yi sallama yadda ya dace ba, ba a fitar da sadaka ba, kuma duk maharbi ya san akwai dajin da ke ɗaure bakin bindiga. Hujjarsu ita ce abin da asuba kawai yake faruwa, da rana ta ɗaga sai ya saki. Suka ce ta Baba na tashi ne don tsohon yana da abin da ya taka.

Wasu suka ce maƙeri ne. Biyar ɗin da ke ƙi duk hannunsa ne, wadda ba ta ƙi kuwa ba shi ya yi ta ba. Wannan magana ta fi kama hankali, don lissafinta ya fita daidai, har wani ya rantse in sun koma sai ya mayar masa da kayarsa.

Na uku mutum guda ne. Ya ce wani ɗan ƙauyen yana da harsasan bindigar bature, a farke guda biyu a zuba garin cikinsu a gauraya da nasu, zai fi saurin kamawa. A nan Sarkin Baka ya tsaya ƙememe. Garin da ke cikin harsashin zamani wani sinadari ne daban, ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma bututun ƙirar gida ba a yi shi don ya ɗauki wannan ba. Ya ce duk wanda ya gwada, ya kama hanyar gida a daren.

Sannan ya juya wajen dattijon ya ce, “Baba, kai ne babba. Taka ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. In akwai abin da ka riƙe, ka taimaki 'ya'yanka.” Baba ya ce, “Sarki, abin da na riƙe ga shi can kan murhu,” ya nuna tukunyarsa. Ya ce a bar shi zuwa hantsi. Waɗanda suka nemi a yi sadaka ba a hana su ba: da safe aka raba wa yaran ƙauyen ƙuli-ƙuli da goro, limamin wurin ya yi addu'a.

Rana ta 5: gwaji da wanki

Baba ya fara da albarushin da ake zargi. Ya karɓi na farkon, wanda aka ce haɗi ne, ya ɗura a tasa da asuba, cikin tururin kogin, ya harba. Ta tashi nan take. Ya ɗura sabon da aka sayo, ita ma haka. Maganar mai sayar da albarushi ta mutu a nan.

Saura maƙeri. Baba ya ɗauki wadda ta fi kowace taurin kai cikin huɗun da suka rage. Ya cire hular, ya kwarara ruwa ta baki har ya tabbata ɗurin da ke ciki ya jiƙe ya mutu, ya jira. Sannan ya ɗaura murɗaɗɗiyar waya a kan sandar ɗuri ya zaro tsumman, ya zazzage dalmar, ya zaro tsumma na biyu, fuskarsa da jikinsa a kauce daga bakin. Abin da ya biyo baya ba albarushi ba ne. Wani baƙin caɓi ne mai danƙo, yana naso, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya lakato da tsinke ya shafa a bayan faranti ya miƙa wa mai bindigar. Mutumin ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ce, “Wannan ai man babur ne.”

Aka tafasa ruwa aka jefa ɗan sabulun salo. Baba ya kwance tsinin, ya tsoma gindin bututun cikin bokiti, ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya dinga turawa yana ja, ruwan na shiga ta kafar wuta yana fita da ƙarfi. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fito, mai na yawo a samansa. Sai da aka canza sau 5 kafin ya fito fari. Na ƙarshe tafasasshe ne zalla ba sabulu, har bututun ya yi zafin da sai da tsumma ake riƙe shi, kuma wannan zafin shi ke busar da sauran ruwan da tsumma ba ya kaiwa. Ya bi da busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito ba tabo, ya zura gashin zabo cikin kafar wutar ya juya, ya jingine ta a rana baki ƙasa.

Bayan azahar, kafin ya ɗura, ya kifa hula a bindigar ba komai a cikinta, ya kai bakin kusa da wani ganyen ciyawa ya ja kunama. Ganyen ya kaɗa. Ya ce in ganye bai motsa ba, hanya ba ta buɗe ba, kada a zuba albarushi. Haka aka yi wa sauran ukun, kowa da hannunsa, Baba na tsaye a kansu. Aikin ya cinye yinin.

Da la'asar aka tashi sansanin. Aka koma kan wani tudu, kimanin taku 300 daga ruwa, ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Aka kafa rumfar zana, aka yi ɗan gado na itace a ciki, bindigogi suka kwanta a kai cikin busassun barguna, ba ko ɗaya a ɗure. Albarushi aka juye a gwangwani mai murfi, abin da za a yi amfani da shi a yini kaɗai ake zubawa a ƙaho. Ɗuri sai bayan sallar asuba, kuma in an kifa hula a shafe gefenta da ɗan kakin zuma. Sarkin Baka ya ƙara doka uku daga wurinsa: a koma tsohon ma'auni, kowa ya yi wa sandar ɗurinsa zane a inda take tsayawa in ɗuri ɗaya ne a ciki, kuma bindigar da ta ƙi tashi a bar ta a kafaɗa, baki na kallon inda aka auna, har a ƙirga 60 a hankali.

Rana ta 6 zuwa ta 9

Da asubar rana ta 6 tururin kogin na nan yadda yake. Bindiga 5 aka shiga da su, huɗu suka tashi a jan farko. Ta biyar ta ɗan yi jinkiri. Da aka bincika, mai ita ne aka bari gadin shinkafa cikin dare, ya ɗura tun magariba, ya zauna da ita a buɗe a kan cinya a cikin fadamar har gari ya waye, bai kuma sa kakin ba. Daren da ya biyo ya sa kaki, ya rufe wajen kunamar da guntun fata, ya sa ta ƙarƙashin bargonsa. Ba ta sake yi ba.

Daga nan har rana ta 9 da suka tashi, sau ɗaya aka sake samun bindiga ta ƙi, kuma hular ce ba ta fashe ba sam. Aka jira, aka canza, ta tashi. Kowace magariba tukunya biyu ke kan wuta, ɗaya ta tuwo ɗaya ta wanki.

Dinya ta rage sauka bayan safiya biyu ana harbinta, ta koma wani gefen kogin. Gyauji kuwa karnuka da tarko suka fi kamawa, kamar yadda aka saba. Manoman sun yanke shinkafarsu, sai dai ɓarin da ke kusa da ruwa, wanda tsuntsu ya yi kwana huɗu yana ci ba mai hana shi, bai ba da abin kirki ba. Abin da aka yi alkawarin ba maharban na hatsi an rage shi, ba su kuma yi jayayya ba.

Bayan an koma gida

Hannun matashin ya warke cikin mako 3, da tabo, yatsun na aiki. Aka kai bindigarsa wurin maƙerin, wanda labarin zargin da aka yi masa ya riga ya iso shi, kuma bai ji daɗi ba. Ya kwance gindin bututun a gaban Sarkin Baka. Cikinsa duk ramukan tsatsa ne, wasu sun ci kusan rabin kaurin ƙarfen, kuma ba na kwana 9 ba ne, na shekaru ne. Ya tambayi matashin yaushe rabon da ruwa ya shiga cikinta. Ya ce tun da ya saye ta bai taɓa ba, mai kawai yake zuba mata.

Abin da ya jawo, da inda laifin yake

In baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska. Wani ya fita a hayaƙi, wani ya manne a cikin bututu da kafar wuta. A cikin wannan dauɗar akwai gishirin fotash irin wanda ke cikin tokar murhu, kuma shi da zarar danshin iska ya haura kashi 43 cikin 100 yake fara jan ruwa yana narkewa, kamar yadda gishirin miya ke yi a kwano da damina. Gishirin da ke cikin albarushin da bai ƙone ba, in mai kyau ne, sai danshi ya haura kashi 90 kafin ya yi haka. Shi ya sa albarushin da ke cikin ƙaho ya tashi a kan dutse, amma wanda ya kwana a cikin bututu mai dauɗa ya jiƙe daga ƙasa, daidai inda wuta za ta fara taɓawa. A garinsu cikin hunturu iska ba ta cika kaiwa wannan danshi ba, don haka shekara da shekaru suna harbi ba wanki ba su ga komai ba, sai tsatsar da ke cin ƙarfen a ɓoye.

Baƙin mai ya ƙara dagula abin. Da aka jingine bindigogin baki sama, gindin bututu ya gangara ya taru. Man fetur da danginsa in sun haɗu da dauɗar albarushi kwalta suke zama, ruwan sanyi ba ya ɗaukarta, waya kuma huda ta kawai take yi ta sake rufewa. Sansanin shi ne na uku. Iska mai sanyi ƙasa take gangarawa ta kwanta a kwari, ƙarfen da ya kwana a fili ƙarƙashin sararin sama ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, raɓa kuma a kansa take fara sauka. Da rana ta ɗaga ta gasa bututun sai danshin ya ragu, wuta ta samu hanya. Abin da ya sa matsalar ke zuwa da asuba ta tafi da azahar ke nan.

Shanya albarushi da sayo sabo ba su yi aiki ba don ba a nan ciwon yake ba. Leda ta kulle danshin ne a ciki. Ƙarin ma'auni kuwa ba ya taɓa gyara kafar da ta toshe, ƙarfin fashewar kawai yake ƙarawa in wutar ta ƙarasa. Cikin gyare-gyaren rana ta 5, wanki ne ya ɗauki kaso mafi girma: bindigar mai gadi ta kwana a fadama a ɗure, a buɗe, amma da yake a wanke take jinkiri kawai ta yi. Tashi zuwa tudu da kakin zuma sun toshe abin da ya rage.

Maƙerin ba shi da laifi a ƙin tashin, huɗu daga cikin bindigoginsa sun nuna haka da aka wanke su. Masu bindigogin sun yi abin da suka ga ana yi ne a garin da iska ke yafe sakaci. Inda nake ganin an gaza shi ne daren rana ta 3. Sarkin Baka ya ga ana ninka ɗuri a bututun da bai san cikinsa ba ya tsaya a “a yi hattara,” alhali washegari da aka zo maganar garin harsashi ya nuna yana iya hanawa in ya so. Kuma tun safiyar rana ta 2 akwai bindiga guda da ba ta ƙi ba, mai ita na kwana taku uku daga gare shi, ba a tambaye shi ba sai da jini ya zuba. Baba ma yana da nasa kason: dariyar yara ba ta isa ta sa dattijo ya yi shiru kwana uku a kan abin da zai iya kashe mutum ba.

Matashin ya nemi a sake wa bindigar itace a ci gaba da amfani da ita. Maƙerin ya ƙi. Ya sare bututun gida uku a gabansa don kada wani ya tsinta ya ɗura, ya ce in ya tara rabin kuɗin sabuwa ya zo, sauran ya biya bayan girbin baɗi.